Lurwanu da Jan Ruwan Jamus

Wani mutum ne a layin 'yan kwamfuta a nan Kano, sunansa Lurwanu, amma in da haka ka kira shi ba zai juyo ba. Sai ka ce Injiniya. Wa ya ba shi injiniyancin? Oho. Abin da dai aka sani, ya taɓa raka wani ubangidansa Dubai saro kaya, suka yi kwana tara, ya dawo da baƙin tabarau da sabon baki. Tun daga nan kwana taran nan ke hayayyafa. Bara wata uku ne. Bana kuwa an ji shi yana gaya wa wani baƙo shekara biyu ya yi a can, har Turawa na bin layi a ƙofar masaukinsa, kowa da kwamfutarsa a hammata.

Gyara kam yana taɓawa, kada a tauye masa haƙƙi. Ya iya canza allo, ya iya bushe ƙura, ya iya zuba manhaja. Ciwonsa ɗaya ne, bakinsa ya fi hannunsa sauri. In ya ɗaure noti ɗaya sai duk layin ya ji labari.

Bango ɗaya ya raba shagonsa da na Baba Haladu, wani dattijo da ya fara sana'a tun ana gyaran rediyo, ya bi ta talabijin, ya iso kwamfuta. Baba Haladu ba mai yawan magana ba ne. Yana da wani guntun fensir a bayan kunne, komai za a yi sai ya ciro shi ya yi lissafi a bayan kwali. Wannan fensir ba ƙaramin haushi yake ba Lurwanu ba.

Ana nan, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa, sai ga Hajiya Turai ta sauko daga mota. Ita ce mai kamfanin ɗaukar bidiyon biki. Za ta buɗe sabon ofis, tana neman wanda zai haɗa mata kwamfuta takwas na tace hoto. Waɗanda take da su, da an ɗora musu bidiyo mai nauyi sai su ɗau zafi, su yi huci, su mutu a tsakiyar aiki, amare kuma ba su san uzuri ba. Shagon Baba Haladu ta nufa, don shi ke yi wa mahaifinta gyara tun tana ƙarama.

Lurwanu na jin “kwamfuta takwas” ta bango, ya ajiye kwanon wainarsa. Kafin Baba Haladu ya gama cewa zai sa manyan fankoki, mutumin ya faɗo shagon ko sallama bai ƙarasa ba.

“Ranki ya daɗe, fanka? A wannan zamanin? Haba! Ai duniya ta wuce nan. Yanzu ruwa ake ba kwamfuta.”

Hajiya Turai ta dube shi sama da ƙasa. “Ruwa? A cikin kayan wuta?”

“Ruwa, Hajiya! Kamar mota. Ga tanki, ga famfo, ga tiyo yana kai ruwa kan ƙwaƙwalwarta, ya kwaso zafin ya kai lagireto, iska ta busa, ya dawo da sanyi. Ni da na yi ɗari ba ɗaya a Dubai! In na haɗa miki, ko a bakin murhun mai ƙosai kika ajiye ta, sai kin nema mata bargo.”

Gaskiyar magana, Lurwanu bai taɓa ganin irin wannan kwamfuta ido da ido ba. A waya yake kallonta, wani Bature na haɗawa, shi kuma yana tsallake wuraren bayani yana zuwa inda fitilu ke walƙiya.

Hajiya ta ce, “To, gani ya kori ji. Ka haɗa guda ɗaya. Ran Alhamis bayan azahar zan zo da bidiyon biki cikakke. In ta tace shi daga farko har ƙarshe ba ta mutu ba, takwas ɗin naka ne. In ta mutu, na Baba ne.”

“An gama!” in ji Lurwanu, har da buga ƙirji.

Sai aka shiga sayayya. Ya sayo akwati mai bangon gilashi, yadda za a riƙa hango hanjinta. Ya sayo fanka tara, kowace da fitila mai canza launi. Ya sayo katin hoto, wato abin da ke ɗaukar nauyin bidiyo, wani ƙato kamar bulo. Ya samo tanki, ya samo famfo, ya samo lagireto. Tiyon da ya samu ya ɗan fi bakin mahaɗarsa faɗi, yana shiga yana fita salalaf, amma da yake garai-garai yake ana ganin ciki, Lurwanu ya ce ba zai bar shi ba. Ya yanko robar tsohon tiyub ɗin keke ya ɗaɗɗaure bakunan, ya juya ƙullin ta baya inda ido ba ya kaiwa.

Saura abu ɗaya, fawa, wato akwatin da ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa kowane sashe rabonsa. Ita a can ƙasa take zama, a rufe, ba mai ganinta. Lurwanu kuwa abin da ba a gani ba ya cikin lissafinsa. Ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya jawo wata tsohuwa da ya cire daga kwamfutar wani makaranci, ya bushe ta, ya goge da gefen riga, ya cusa.

Ran Talata Baba Haladu ya leƙo. Ya zagaya kwamfutar, ya sunkuya ya karanta takardar da ke jikin fawar. Sai hannu ya tafi bayan kunne.

Lurwanu ya ce a ransa, ga fensirin nan kuma.

“Lurwanu, zo ka gani,” in ji dattijon, yana rubutu a bayan kwali. “Katin nan shi kaɗai, in aiki ya yi aiki, wat ɗari huɗu zai ja. Ƙwaƙwalwa ɗari biyu. Famfo da fankoki tara da fitilunka da sauran tarkace, ka ce ɗari. Ɗari bakwai ke nan. Fawarka ɗari shida da hamsin aka rubuta, shi ma tun tana budurwa. Ka nemi mai dubu, a samu sarari.”

“Baba, ai ta tashi! Jiya na kunna, ta tashi garau.”

“Ta tashi don ba ka ɗora mata kaya ba. Jaki ma in ba kaya a bayansa har tsalle yake.”

Lurwanu ya yi dariya har da riƙe ciki. “Baba, wannan lissafin zamanin rediyo ne. Kayan yanzu suna da hankali, su ke raba wutar a tsakaninsu. Kuma fisabilillahi, wa ke kallon fawa? Hajiya za ta kwanta a ƙasa ta leƙa ne?”

Baba Haladu ya mayar da fensirinsa. “Allah ya taimaka. Ruwan fa? Ka nemi ruwan batir, wanda aka tace, ba gishiri ba komai. Ka zuba tun yau, famfo ya kwana yana juya shi, ka ga ko akwai inda ke yoyo. Ba a fafe gora ranar tafiya.”

“Na ji, Baba.”

Bai ji ba. Laraba gaba ɗaya a yawo ta ƙare, shago-shago yana gayyatar mutane su zo su ga abin da ba a taɓa yi ba a Arewa. Har masu sayar da caja na bakin titi sai da ya gaya wa.

Sai da safiyar Alhamis ya zuba ruwan batir ɗin. Ya kunna, famfo ya ɗauka, zuuu. Ya ja da baya ya tsaya yana kallo, sai ransa ya ɓaci. Ruwan fari ne fat, ko alamar yana tafiya a cikin tiyon ba a gani. Na Baturen nan na waya kuwa ja ne jawur, yana zagayawa cikin fitilu kamar jini a jijiya. Yanzu wannan zai nuna wa jama'ar da ya tara? Ruwa kamar na alwala?

Ya bazama cikin kasuwa neman jan ruwan kwamfuta. Wannan ya ce bai san shi ba, wancan ya ce sai dai a aiko daga Legas, kwana huɗu. Ya dawo shago ya zauna ya yi tagumi, ga rana tana ta ɗagawa.

Can sai ya ji murya daga bakin layi. “A sha sanyi! Zoɓo mai ƙanƙara!”

Inna Kande ce, mai kawo wa 'yan layin zoɓo kullum da hantsi. Lurwanu ya dubi gorar da ke hannunta rana ta haske ta. Ja jawur. Ya dubi tiyonsa. Ya sake duban gorar. Wallahi da Shaiɗan na da shago a layin nan, a ranar bai buƙaci fitowa ba.

“Inna! Zo nan. Akwai wanda ba a sa wa sukari ba?”

“Injiniya, wa zai sayi zoɓo ba sukari? Duk na haɗa, da citta da kanumfari, har ɓawon abarba.”

Lurwanu ya leƙa cikin bokitinta. Sai ya ce a ransa, to mene ne? Sukari ai ƙarfi ne. “Ba ni ƙaramar jarkar nan gaba ɗaya. In na juye kya dawo ki karɓi abarki.”

“Baƙi za ka yi ne?”

“Manya ma kuwa.”

Ya ja ƙofa, ya zubar da ruwan batir, ya tace zoɓon da hankicinsa, ya ɗura. Da famfo ya ɗauka, jan ruwa ya bi tiyo ya zagaya cikin fitilu, sai da Lurwanu ya yi ƙwalla don daɗi. Kai, abin ya yi kyau, ba a cewa komai. Ya tura jarkar ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Bayan azahar shago ya cika maƙil, na waje suna ɗage. Hajiya Turai ta iso cikin farin leshi mai tsada, daga nan za ta wuce wani wuni. Aka ba ta kujera a gaba, dab da kwamfutar. Baba Haladu ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya.

Lurwanu ya yaye zanen da ya lulluɓe ta da shi, ya danna. Fitilu suka kama, ja, kore, shuɗi. Jama'a suka ɗauka, “Kai! Kai! Kai!”

Hajiya ma ta gyara zama. “Ma sha Allah. Fitilun nan sun burge ni. Wannan jan abin fa?”

“Ruwan Jamus ke nan, ranki ya daɗe. Ba a sayar wa kowa. Sai mai takardar shaida.”

Ya zare murfin gilashin gefe ya jingine, wai don Hajiya ta ga aiki da kyau. Ta miƙa masa bidiyon, ya ɗora, ya danna tacewa. Fankoki suka ɗau gudu. Layin da ke nuna ci gaban aiki ya fara tafiya, kashi ɗaya, kashi biyu, kashi uku.

Ɗif!

Komai ya mutu. Fitilu, famfo, allo, duka.

“An ɗauke wuta!” in ji Lurwanu da ƙarfi. “Kun ga halin mutanen nan ko? Ana tsakiyar aiki!”

A hankali kowa ya ɗaga kai sama. Fankar silin na ta juyawa abinta, fir-fir-fir. Rediyon maƙwabci na ta zuba labarai.

Hajiya Turai ta ce, “Wutar kwamfutarka kaɗai suka ɗauke?”

Gumi ya karyo wa Lurwanu. Ya saci kallon bakin ƙofa, ya ga Baba Haladu na kallon ƙasa. Lissafin bayan kwalin nan ya faɗo masa a rai, ɗari bakwai, ɗari shida da hamsin. Ashe fensirin ba ƙarya yake ba. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

“Gwaji ne, Hajiya! Haka ake yi musu. Takan kashe kanta sau ɗaya ta auna ƙarfin wutar gari. Bari in ɗan daidaita ta.”

Ya zagaya baya ya tsuguna. Dole a rage masu cin wuta, wannan kam ya gane. To me za a cire? Fitilu? Ina! Hajiya da bakinta ta yabe su a gaban jama'a. Sai ya lalubi wayoyin da ke juya fankokin lagireto, shida reras, ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya bar musu wayar fitila. Daga gaba suna nan suna walƙiya, ba mai lura sun daina juyawa.

Ya sake kunnawa, ya sake ɗora aikin. Kashi uku ya wuce. Kashi biyar. Kashi goma. Fawar na wani siririn kuka, tsiii, amma ta riƙe. Lurwanu ya ji ransa ya dawo jikinsa, bakin ma ya dawo.

“Kun gani? Wasu suna nan da fensir a kunne, wai ba za ta ɗauka ba. Ilimi daban, tsufa daban!”

Shi bai san zafin da ruwan ke kwasowa ba shi da sauran mai busa shi ba. Zagayawa kawai yake yana ƙara ɗumi. Wajen kashi ashirin, wani mai sayar da linzamin kwamfuta da ke tsaye a gefe ya ɗaga hanci.

“Wai wa ke dafa shayi ne?”

“Ba shayi ba ne,” in ji na kusa da shi. “Citta nake ji.”

“Da kanumfari,” in ji wani daga baya.

Lurwanu ya yi wuf ya ce, “Turaren ruwan ne. Jamusawa ba sa yin abu ba ƙamshi.”

Ƙudaje suka fara shigowa. Ɗaya, biyu, sai ga su tuli, duk sun nufi bakin tanki. Sai ga ƙudan zuma guda biyu sun biyo baya. Lurwanu na kora da hula yana murmushin da bai kai ciki ba. Jan ruwan kuwa ya fara kumfa a saman tanki, tafiyarsa ta yi nauyi, famfo na gurnani, gur-gur-gur. Tiyon da zafi ya dafa ya yi laushi, ya fara lanƙwasa.

Baba Haladu ya yi magana a karo na farko. “Lurwanu, kashe ta. Hajiya, ki ɗan ja baya.”

“Baba, don Allah a bar hassada! Kashi talatin fa! Hajiya, matso ki ga yadda yake gudu, kada ki ji komai.”

Hajiya ta sunkuyo.

Fush!

Tiyon sama ya kuɓuce daga robar keken, ya yi tsalle kamar wutsiyar ƙadangare. Jan ruwa mai ɗumi ya yi feshi, tsuuu, tun daga goshin Hajiya Turai har cinyarta. Sauran ya zuba kan katin hoto. Tas! Tas! Wani shuɗin tartsatsi ya tashi, hayaƙi ya biyo baya, komai ya yi ɗif. Wannan karon ba wanda ya yi zancen masu wuta.

Farin leshi ya koma abin tausayi. Lurwanu ya tsaya riƙe da hula, ya yi wuƙi-wuƙi, ji yake da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Wani ɗigo ya gangaro daga hancin Hajiya ya sauka a leɓenta. Ta lasa. Ta ɗan tsaya. Ta sake lasa.

“Injiniya.”

“Ranki ya daɗe.”

“Jamusawan nan har ɓawon abarba suke sawa?”

“E to... wato... akwai nau'i-nau'i, Hajiya. Wannan na ƙasashe masu zafi ne.”

Daidai nan aka ji ana ture mutane daga baya. “Gafara dai, gafara dai.” Inna Kande ce ta kutso kai, da bokitinta a hannu.

“Injiniya, in baƙin naka sun gama sha, a ba ni jarkata in wuce.” Sai idonta ya sauka kan Hajiya. Ta saki bokiti ta dafe ƙirji. “Innalillahi! Baiwar Allah, wa ya yi miki wanka da zoɓona?”

Wayyo, jama'a! Dariyar da ta fashe a shagon nan har bakin titi an ji ta. Wani ya faɗi kan kwalaye, wani ya fita da gudu yana riƙe da ciki, masu caja na waje suna tambaya a ba su labari. Baba Haladu kaɗai bai yi dariya ba, ya dai juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

Hajiya Turai ta karɓi tsumma ta goge fuska a nutse. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi zagi ciwo.

“Baba, kwamfuta takwas, ka fara gobe. Ka sa duk abin da fensirinka ya ce.”

“In sha Allahu, Hajiya.”

Ta juya wajen Inna Kande. “Ke kuma Inna, hannunki na da daɗi. Ran buɗe ofis ina son manyan jarkoki biyar, irin wannan sak, amma mai sanyi.”

“An gama, Hajiya! Allah ya ƙara arziki!”

Ta miƙe, leshi na ɗiga, ta nufi ƙofa. Lurwanu ya bi ta da 'yar murya kamar ta mage. “Hajiya... ni fa?”

Ta tsaya, ta dube shi tun daga tabarau har takalmi.

“Kai ma ba za a bar ka ba aiki ba, Injiniya. Ka zo ranar da wuri, kai za ka riƙa zuba wa baƙi. Amma a kofi.”